Katin zama tukuna, sannan manhajar Kawu

Wasiƙar wannan makon daga Liyon ta ƙasar Faransa ta zo, daga wani matashi ɗan unguwar Zariya ta nan Maradi. Ya fara karatu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ya ƙarasa mastar a can. Yanzu katin shekara ɗaya ke hannunsa, irin wanda ake ba ɗalibin da ya gama don ya nemi aiki, kuma saura wata 4 ya ƙare. Wata guda ke nan da wani kamfani ya ɗauke shi kwantaragin dindindin, yana rubuta manhajojin yanar gizo da React, wani kayan aikin gina shafuka, cikin tawagar da ke bin tsarin ajil, wato gina manhaja kaɗan-kaɗan ana nuna wa mai kaya. Hajiyarsa na son ya zo a yi maganar aure. Kawunsa mai fataucin wake da aya ya ce ya zo ya haɗa masa manhajar lissafin mangazoji kafin kaka. Sai yake tambaya: tunda aikin duk a kan kwamfuta ne, me zai hana ya taho Maradi wata 3 yana yi daga nan, ko da kamfani bai sani ba?

Ƙanena, Allah ya ƙara albarka a karatu da aikin. Amsar farko ba za ta yi maka daɗi ba, amma gara ka ji ta daga gare ni: kada ka taso yanzu.

Katin da ke hannunka na wata 12 ne, ba a sabunta shi. Dole ka koma wani matsayi kafin ya mutu, kuma hanya biyu ce a gabanka. Akwai katin ma'aikaci, wanda kamfani ne zai fara nema maka izinin aiki ta intanet. Mai mastar ta Faransa da aikinsa ya dace da karatunsa, albashinsa kuma ya kai mafi ƙarancin albashi sau ɗaya da rabi, ba a cewa sai an fara neman ɗan ƙasa an rasa. Akwai kuma katin da suke kira talan, wanda yake kaiwa har shekara 4 ba tare da wani izinin aiki daban ba, sai dai yana da ƙa'idar albashi da gwamnati ke sauyawa. Ka ɗauko kwantaraginka yau ka gwada albashin shekara da adadin da ke shafin gwamnati. In ka kai, wannan za ka nema. In kaɗan ya rage, ka je wurin masu kula da ma'aikata ka yi magana, ba abin kunya ba ne.

Katunan da ake nema ta ANEF, shafin gwamnatin Faransa na takardun baƙi, lokacin shigar da takardu shi ne tsakanin wata 4 da wata 2 kafin tsohon ya ƙare. Ka ga ke nan ƙofa ta buɗe maka a wannan makon. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka kuma lura da kyau: takardar farko da shafin zai ba ka, mai nuna cewa an karɓi buƙatarka, ba ta ƙetare iyaka da kai. Duk wata takardar wucin gadi da za ta biyo baya, ka karanta abin da aka rubuta a jikinta kalma bayan kalma. In katinka ya mutu kana Maradi, sai da biza za ka koma, alhali an rufe ofishin jakadancin Faransa na Yamai tun watan Janairun 2024. Sai ka kama hanyar wata ƙasa kana bin layi, aiki na can yana jira, kuma ba zai jira ka ba. Fasfo ma ka duba ranarsa. Tun Janairun 2025 aka fara fasfon AES, wato ƙawancen Nijar da Mali da Burkina Faso, amma tsohon yana nan daram har ranar da aka rubuta masa. Abin dubawa shi ne ko ranar ta kusa.

Sannan kana cikin lokacin gwaji. Ga ma'aikaci mai matsayi irin naka, dokar Faransa ta yarda gwaji ya kai wata 4, a kuma sabunta shi sau ɗaya in yarjejeniyar sana'ar da kwantaragi sun tanadi haka. A wannan tsakanin kamfani na iya sallamarka ba sai ya kawo hujja ba, kuma katin da kake nema a kan wannan kwantaragin ya rataya.

Maganar yin aikin a ɓoye ita ce ta fi damuna, domin ka fi ni sanin yadda tawagarku take tafiya. Mutum 17 da suka zauna a Snowbird ta jihar Yuta a Amurka cikin Fabrairun 2001 suka rubuta sanarwar ajil, abin da suke gudu shi ne a rufe ƙofa shekara guda ana gini, a fito a tarar ba abin da mai kaya ke so ba ne. Shi ya sa kuke yanka aiki zango-zango na mako biyu, kowane zango ya ƙare da nuna abin da ke aiki a gaban mai kaya. Shi ya sa kowace safiya ake tsayuwar minti 15 da Scrum, ɗaya daga cikin salon ajil, ya tanada, kowa ya ji inda aka kwana da abin da ya tare hanya. Dukan tsarin a kan faɗin gaskiya da wuri aka gina shi. Yaya mutum zai tsaya a wannan taro kullum yana ɓoye ƙasar da yake?

Kuma ba za ta ɓoyu ba. Taron ƙarfe 9 da rabi na Liyon, ƙarfe 8 da rabi ne a nan daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, wannan mai sauƙi ne. Amma ka tuna Maradi a watan Afrilu da Mayu. Kana tsakiyar rubutu kai da abokin aikinka a allo ɗaya, kuran ya ɗauke, fanka ta tsaya, ka koma rezon salula, murya ta fara yankewa, ga ɗan kabu-kabu na danna oda a ƙofar gida. Ko da duk wannan bai faru ba, ranar farko da ka shiga na'urorin kamfani masu tsaro za su ga daga wace ƙasa ka shigo. Bayanan abokan cinikinsu kuwa dokar Turai ta kare bayanai, wadda ta fara aiki a Mayun 2018, ta sa sharuɗɗa kan fitar da su waje. Laifi ne da ake kora a kansa. Ƙari a kan haka, a Disambar 2023 Nijar da Mali suka sanar da janyewa daga yarjejeniyarsu ta haraji da Faransa, don haka doguwar zama a gida kana cin albashin can ta zama abin da sai an tambayi masanin haraji.

Ni a ganina, sabon shiga ma ba ya buƙatar nesa. Abin da za ka koya a wata shidan farko, rabinsa a gefen tebur ne, lokacin da babba ya duba rubutunka ya nuna maka dalilin da shafin ke nauyi, ko a zaman waiwaye na ƙarshen zango inda ake faɗin abin da ya lalace ba tare da neman mai laifi ba.

In kati ya shiga hannu, gwaji ya wuce, sai ka nemi konje, wato hutun shekara. Kwana biyu da rabi kake tarawa kowane wata, mako 5 a shekara. In kana son ƙara mako ɗaya ko biyu na aiki daga gida, ka nema a rubuce, su amsa a rubuce, ka kuma tanadi fanon sola da batir da layi biyu na kamfanoni daban kafin ka iso.

Hajiya kuwa, kada ka ce mata "sai na gani". Iyayenmu suna jure jira in sun san dalili, abin da ba sa jurewa shi ne a riƙa ja musu rai. Ka kira ta da kanka, ba ta bakin ƙanwa ba, ka ce mata takardar zama ce ake canjawa, in ka fito yanzu ƙofa na iya rufewa a bayanka. Manya na iya zuwa gaisuwa da neman iri ba ka nan, haka aka saba. Abin da ya shafe ka shi ne irin katin da ka samu zai taɓa auren. Mai katin talan, matarsa na iya biyo shi ta hanya mai sauƙi, da izinin yin aiki. Mai katin ma'aikaci sai ya bi tsarin haɗa iyali, wanda ke neman wata 18 na zama bisa ƙa'ida da gida da albashin da suka isa. Ɗaurin aure a masallaci ya wadatar a wurin Allah da mutane, amma ofis takardar magajin gari yake karantawa. A yi rajista, a kuma tabbata yadda aka rubuta sunanka a takardar haihuwa haka yake a fasfo da takardar aure. Mahamadou a nan, Mahamane a can, ya isa ya tsayar da dosiye.

Sai Kawu. Kada ka ƙi shi, kada kuma ka ce masa to a kan dukan abin da ya lissafa. Da farko ka karanta kwantaraginka ko akwai sharaɗin hana yi wa wani aiki, kada ka taɓa kwamfutar kamfani da wannan, kuma kada ka karɓi kuɗi, domin katin ma'aikaci bai ba ka izinin sana'ar kanka ba.

Na biyu, irin manhajar da kake ginawa a Liyon ba ita za ta yi a nan ba. Tun da Gmail a 2004 da Google Maps a 2005 suka nuna cewa shafi na iya sabunta kansa ba sai an sake lodi ba, aka yi ta tura nauyin aiki kan na'urar mai amfani. A ofishinku ba a jin nauyin. Amma yaron Kawu da ke sayen wake a kasuwar ƙauye, ƙaramar Android ce a hannunsa mai cike da hotuna, yana sayen intanet na dala ashirin, rezo na zuwa yana tafiya. In sai ya sauke tulin JavaScript, wato rubutun da ke sa shafi aiki a cikin waya, kafin ya ga allon farko, zai rufe ya koma saƙon murya na WhatsApp. Ka gina ta yadda za ta buɗe ba rezo, ta ajiye abin da aka shigar a cikin wayar, in rezo ya dawo ta aika. Kuma tun farko ka yanke abin da zai faru in mutum biyu sun taɓa lissafin mangaza ɗaya kowa ba rezo. Shawarata, kada kowa ya gyara jimla. Kowa ya rubuta shiga ko fita kawai, jimla ta fito da kanta.

Ka kula da lissafin kuɗi, nan ne 'yan makaranta ke faɗuwa. In magatakardan Kawu ya ce ɗari, dala ɗari yake nufi, wato sefa 500. Jika kuwa dala 200 ce. In akwatin kuɗi bai nuna a fili da me ake ƙirga ba, wani zai shigar da dala, wani sefa, lissafi ya bambanta ninki biyar. Ga naira kuma, tunda kaya na bi ta Dan Isa zuwa Jibiya, canjin safe daban da na yamma, don haka kowace shigarwa ta tafi da canjin da aka yi ta da shi. Awo ma haka: ana saye da tiya, a sayar da buhu, kuma tiyoyin da ke cika buhu ba ɗaya ba ne ga kowane kaya.

Saboda haka mai kayanka na gaskiya ba Kawu ba ne, wanda ke riƙe da littafi ne. Ka sa a ɗauko maka hoton shafi goma na littafin mangaza da na bashi. Zangon farko, abu ɗaya tak: buhu nawa ya shiga, nawa ya fita, a mangaza ɗaya. Mako biyu ana yi tare da littafin takarda, ranar Juma'a bayan masallaci a gwada su. In sun yi daidai, a ƙara bashi. In Kawu ya ce a sa masa kaza da kaza, ka ce an rubuta a jeri, shi zai zaɓi wanda za a fara, amma ɗaya bayan ɗaya.

Abu na ƙarshe, kada ka zama kai kaɗai ka san cikinta. Ranar da ta tsaya ana tsakiyar lodin kamyo, kai kana taro a Liyon. Akwai yara a jami'ar da ka fito masu hannu, ba su da wanda zai duba musu aiki. Ka zaɓi ɗaya, Kawu ya yanka masa albashin wata, a rubuta a takarda ko da ɗan'uwa ne. Shi zai riƙa rubutawa yana zuwa mangaza, kai kuma ka duba abin da ya tura a GitHub, shafin da ake ajiye rubutun manhaja, ranar Asabar, ku yi minti 15 ɗinku ta waya. Asusun da aka ajiye manhajar da kalmomin sirri su kasance da sunan Kawu, kuɗin ajiyar shekara ma daga aljihunsa, ka faɗa masa adadin tun kafin a fara.