Kuftar gidanmu a Gadarif

Ƙanwata, kin ga hoton bikin ɗiyarmu, kika tambaya mene ne waɗancan curarrun naman da aka jera a tire tun ba a kawo abinci ba, kuma me ya sa ba dambun nama muka yi ba kamar yadda kuke yi a Kano. Har kika ƙara da cewa ko dai mun zama Larabawa ne. Kufta ce, kuma zan ba ki amsa dalla-dalla, don tambayar ta taɓa ni.

Kakanninmu da ƙafa suka zo ƙasar nan ta Sudan, a kan hanyar Makka. Wasu sun biyo ayarin hijirar Sarkin Musulmi Attahiru, wanda Turawa suka kashe a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ƙarasa da jama'a har bakin kogin Nilu kusa da Sinnar, inda garin Mai Wurno yake har yau. Namu sun zo daga baya, suka tsaya noman riɗi da dawa a Gadarif don su tara guzuri, zama ya kama su. Wanda ya yi shekara ɗari a wuri dole tukunyarsa ta koyi abin maƙwabta. Muna cin kisra, wato siririyar gurasar dawa, muna shan jabana, wato gahawa, muna soya ɗa'amiyya mai kama da ƙosai. Su ma sun karɓi namu: agashe da ake rububinsa daga Umdurman har Port Sudan tsiren Hausawa ne, kowa a Sudan ya san haka.

Kufta tasu ce, ban musa ba. Maƙwabtanmu da burodi jiƙaƙƙe suke haɗa naman, su mulmula shi dogo-dogo, ƙamshinsa kazbara (wadda Turawa ke kira coriander) da kirfa, yaji kaɗan. Kakarmu ta ɗanɗana ta ce wannan nama bai ji gishirin gida ba. Sai ta rage burodin ta zuba garin ƙuli-ƙuli, ta kawo yajin da mazan gidan ke barbaɗa wa agashe ta juye a ciki, ta cura shi ƙanana. Tun daga nan haka ake yin ta a zuriyarmu, kuma duk yarinyar da za a kai ɗaki sai ta iya.

Ki samu naman sa kilo 1, tsoka mai ɗan kitse, don marar kitse bushewa take a kasko. Ki sa mahauci ya cire jijiya, a niƙa a inji sau biyu. Kakarmu a turmi take kirɓawa, kuma har yau ina ganin na turmi ya fi kama jikinsa, amma ba zan ɗora miki wannan aiki ranar biki ba. Albasa manya 2, ki goga su, ki zuba a tsumma mai tsabta ki matse ruwan tas. Nan ne mutane da yawa ke faɗuwa. Ruwan albasa shi ke sa kufta ta wargaje a cikin mai, a koma ana zargin ƙwai ko wuta. Sai tafarnuwa dakakkiya, citta, masoro, kanumfari ƙwaya huɗu ko biyar, kazbara, barkono busasshe gwargwadon bakin baƙinki, gishiri, ƙwai 1, da garin ƙuli-ƙuli cokali 4 manya. Ƙulin ya zama marar sukari, wanda ya soyu sosai, a tankaɗe shi ya yi laushi. Idan kin cika shi kuftar za ta yi nauyi ta daɗe wa mutum a maƙogwaro.

Ki murza da hannu har sai kin ji naman ya fara danƙo yana bin tafinki. Ki rufe ki sa a firji awa guda. Kafin ki cura duka, ki soya guda ɗaya ki ɗanɗana, don bayan an cura ɗari biyu ba a gyara gishiri. Ki shafa mai a hannu, ki riƙa ɗibar girman kanya, loma ɗaya ke nan. Mai ya yi zafi amma kada ya kai ga hayaƙi, kuma kada ki cika kaskon. Ki bar su su yi ɓawo kafin ki juya. Mu a nan mukan ɗiga man riɗi a kan man gyaɗa saboda ƙamshi, tunda garin riɗi muke.

Ba a kai ta gaban baƙo ita kaɗai. Akwai shaɗɗa da ake dangwalawa: ɗanyen barkono kore, ruwan lemun tsami, gishiri, da abin da ake kira dakwa a nan. Kada ki je kasuwa ki sayo dakuwa mai zaƙi, markaɗaɗɗiyar gyaɗa ce, irin ta miyan taushe. Ki dama su har su yi kauri. In babu koren barkono, attaruhu zai yi.

Dalilin da take riga abinci fitowa kuwa, biki a nan ba ya sauri. Ranar lalle mata kan cika gida tun la'asar, babbar siniya, wato tire, mai kisra da miya ba ta fitowa sai dare ya yi nisa, kuma abin kunya ne baƙo ya zauna baki bushe. Sai 'yan mata su riƙa zagayawa da kufta, kowace kufta da tsinke a jikinta, da zoɓo mai sanyi. Mai lalle a hannu ma ƙawarta za ta ɗauka ta sa mata a baki. Dambu ba zai yi wannan aikin ba, zubewa zai yi a kan tufafin mutane, shi ya sa muke ajiye shi don Babbar Salla da guzurin matafiyi. Tun da yaƙi ya ɓarke a 2023 bukukuwa sun ƙanƙance, nama ya yi tsada, gidaje sun cika da 'yan uwa da suka gudo daga Khartum da Madani. Duk da haka a bikin da kika gani sai da muka yi ta, ko da yake ƙulin ya ɗan fi na da yawa.

Idan za ki gwada a sunan da kika ce kuna da shi, ki cura tun daren jajibiri, ki jera a faranti a firji, ki soya da safe. Ki raba naman biyu, rabi ki rage masa barkono saboda tsofaffi da yara.