Amsa ga ƙanenmu mai walda a Zariya: hayaƙin teburin plasma

Wa'alaikumus salam ƙanena. Ka ce ka gama Kwalejin Nuhu Bamalli, kana walda a Sabon Gari, kana neman aiki a Jamus inda ake yanka ƙarfe da injin plasma, mai yanka da iskar da lantarki ya zafafa, kana son sanin ko hayaƙinsa ɗaya ne da na walda. Ya fi shi yawa nesa ba kusa ba. Zafin wutar yana haura digiri 20,000, har wani ɓangare na ƙarfen ya zama tururi, ya huce ya koma ƙurar da ido ba ya gani. Can kuma ba rumfar bakin titi ba ce, da hunturu ƙofofi a rufe suke ruf.

Teburin da ake ɗora farantin ƙarfe a yanka iri biyu za ka tarar. Na farko mai ruwa ne a ƙarƙashin faranti, ruwan yana kama yawancin ƙurar muddin ya kusa taɓa ƙarfen. Da ya sauka, hayaƙi ya tashi. Ana zuba maganin tsatsa, ana kwashe laka kafin ta taru. Amma ka kiyayi alminiyom a kansa: ɓurɓushinsa cikin ruwa yana fitar da iskar haidurojin, ta taru ƙarƙashin faranti, ka kunna wuta ta fashe.

Na biyu fanka ce ke zuƙe hayaƙin ta ƙasa zuwa matata, wato abin tace ƙura. An raba cikinsa ɗaki-ɗaki, ƙofar ɗakin da tocin, wato bakin wutar yankan, yake kai ce kaɗai ke buɗewa. In ka ga hayaƙi na hawa sama, duba ko wata ƙofa ta maƙale, ko tarkace ya cika ƙasa, sannan ka duba agogon matsin matata, in ya hau ta toshe. Iskar kwamfuresa ce ke kakkaɓe matatar, in da danshi a cikinta ƙurar sai ta dunƙule kamar siminti. Matata kuwa ƙura take tarewa, iskar ozon mai cutar da huhu da injin ke haifarwa wucewa take yi, dole iska ta riƙa sabuntuwa a ɗakin aikin.

Ƙarfen sitenles yana fitar da kuromiyom mai jawo sankarar huhu. Mai rufin zinki, irin kwanon rufi, yana sa zazzaɓi da rawar ɗari bayan 'yan sa'o'i, sai ka ɗauka na cizon sauro ne. Madarar gwangwanin da masu walda ke sha bayan aiki ba ta wanke komai, ciki take tafiya, hayaƙi kuwa huhu ya shiga. Tun 2017 hukumar binciken sankara ta WHO ta sa hayaƙin walda cikin abubuwan da ke jawo cutar.

Sai batun gemu. Takunkumin P3, mai tace ƙura mai laushi, ba ya aiki sai ya manne da fata, gashi yana buɗe wa ƙura hanya. Ba sai ka aske ba. Akwai hular walda mai ƙaramar fanka da batir a ƙugu, tana hura maka tatacciyar iska. Ka tambaye ta tun ranar ganawar ɗaukar aiki, a can mai kamfani ne doka ta ɗora wa sayen kayan kariya.