Amsa ga mai son nazarin kayayyaki da hasken eksire a Faransa

Ƙanena, na ga saƙonka, inda ka ce ka gama digiri na farko a fiziks, kana son zuwa Faransa ka koyi yadda ake bibiyar sauyin da ke faruwa a cikin abu da hasken eksire, kuma kana tambaya ko sai ka taɓa aiki da irin wannan na'ura kafin a ɗauke ka.

Ba sai ka taɓa ba, domin har yanzu babu sinkurotoron, wato babbar na'urar da ke samar da hasken eksire mai ƙarfi, ko ɗaya a nahiyar Afirka, kuma masu ɗaukar ɗalibai sun san haka. Wadda muke amfani da ita, wato ESRF ta birnin Grenoble, zobe ce mai kewayen mita 844, an buɗe ta a 1994, aka sabunta ta a 2020. Elektron suna zagaya zoben a dunƙule-dunƙule, kowane dunƙule yana fitar da walƙiyar da ba ta wuce kimanin pikosakan 100 ba (pikosakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin tiriliyan na sakan). Mukan fara haska samfurin da leza don mu tayar da sauyi a cikinsa, sai walƙiyar eksire ta biyo baya, ta warwatsu daga samfurin zuwa kan na'urar ɗauka, ta bar zobba ko ɗige-ɗige waɗanda daga matsayinsu muke lissafa tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin zarra. Idan muka yi ta sauya jinkirin da ke tsakanin haske biyun, sai mu ga yadda ƙwayoyin suka gusa daki-daki. Abin da ke sauyawa a hankali, kamar daskarewar siminti ko cajin batirin litiyam, ba ya buƙatar leza, hotuna kawai ake ɗauka a jere.

Lokacin na'ura shi ne abin da ya fi wuyar samu. Sau biyu a shekara ake miƙa takardar neman gurbi, kwamiti ya tace, wanda ya dace ya samu 'yan kwanaki, ya yi aiki dare da rana, sannan ya shafe watanni yana warware bayanan da ya tara. A wannan warwarar ake gane ɗalibin da ya shirya.

Saboda haka ka zauna da dokar Bragg, wadda da ita ake lissafa waccan tazarar ta ƙwayoyin zarra, da tsarin kiristal har su zame maka jiki, ka koyi Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta, sosai, kuma idan jami'arku tana da ƙaramar na'urar XRD, mai auna warwatsuwar eksire daga samfuri, ka roƙi malaminka ya bar ka ka auna ko da garin gishiri ne, ka fassara sakamakon da kanka. Wannan shi za ka rubuta a takardar neman digiri na biyu. Idan ka shigo, ka nemi kwas ɗin HERCULES, na koyon aiki da irin waɗannan manyan na'urori, da ake yi a Grenoble kowace shekara.