Ina Ɗalibar Bayoloji Za Ta Sami Gurbin Bincike a Dogon Hutu?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina aji biyu a sashen bayoloji a wata jami'a. Na ji ana ɗaukar ɗaliban digiri na farko su yi binciken 'yan makonni a ƙasashen waje lokacin dogon hutu. Shin irina za ta iya samu, kuma ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Za ki iya samu da yardar Allah, amma ki fara sanin inda ba a ɗaukar baƙi, domin yana ci mini rai in ga ɗalibi ya ɓata makonni yana cike fom ɗin da tun asali ba nasa ba ne. Shirin REU na hukumar kimiyya ta Amurka, NSF, na 'yan ƙasar ne da masu izinin zama na dindindin. Shi kuma RISE na Jamus, ɗaliban jami'o'in Amurka da Kanada da Birtaniya da Ailan yake ɗauka.

Waɗanda ke karɓar ɗalibai daga ko'ina sun haɗa da cibiyar Cold Spring Harbor ta jihar New York, wadda ta soma shirinta a 1959, da Vienna BioCenter a Ostiriya, da jami'ar EPFL a birnin Lausanne na Suwizalan, inda ake yin mako 8. Dukkansu suna ba da masauki da alawus. Ana yin aikin tsakanin Yuni da Agusta, wato da daminarmu, amma ana rufe karɓar takardu tun tsakanin Nuwamba da ƙarshen Janairu, kuma galibi ana son wanda ya kammala shekara biyu.

Guraben kaɗan ne, masu nema kuwa da yawa, saboda haka maki mai kyau kaɗai ba ya wadatarwa. Abin da ya fi nauyi a wurin masu zaɓe shi ne takardar shaida daga malamin da ya ga aikinki da idonsa: yadda kike zuba agar (abincin da ake renon ƙananan ƙwayoyin halitta a kansa) a faranti ba tare da ya gurɓace ba, yadda kike rubuta kwanan wata da awo a littafin gwaji, har da ranar da gwajin ya ƙi. Don haka tun wannan zangon ki sami malamin da ke da bincike a hannu, ki roƙe shi ya bar ki ki taya shi, ko da wankin kwalabe ne.

Kada kuma ki raina na gida. Wata shidan SIWES, wato shirin tura ɗalibai koyon aiki a ma'aikatu, idan kika zaɓi wuri da kyau, sun fi mako takwas tsawo da zurfi. Cibiyar NITR ta Kaduna tana aiki a kan ƙudan tsando da cutar sammore, NVRI ta Vom tana haɗa rigakafin dabbobi, IAR ta Samaru da tashar IITA ta Kano suna binciken amfanin gona irin su wake.

Idan kika tashi neman na waje, ki yi fasfo da wuri saboda biza, sannan ki dubi kalandar jami'arku. Sau da yawa Yuli kan faɗo a tsakiyar zango, kuma kafin ki tafi sai kin sami rubutaccen izini daga shugaban sashe.