Amsa: wane irin haɗin iri ya dace da lissafi mai gurabe 30?

Malam, ka ce kana amfani da algoridim mai kwaikwayon gado (genetic algorithm), inda ake haɗa amsoshi biyu (iyaye) daga tarin amsoshin gwaji (garke) su haifi sababbi. Lissafinka na da gurabe 30, wato lambobin da ake neman mafi kyawun ƙimarsu, ka mayar da kowane gurbi sifili da ɗaya, kana yanka iyaye a wuri guda kana musanya wutsiya, amma bayan 'yan zagaye garken sai ya daskare. Matsalar tana farawa ne tun daga sifili da ɗayan. Dubi 7 da 8: ɗaya 0111, ɗaya 1000. Maƙwabtan juna ne, amma sai an juya duka huɗun kafin a tsallaka. Tsarin Gray, inda lambobi maƙwabta ke bambanta da sifili ko ɗaya guda kawai, yana rage wannan, sai dai gara ka bar kowane gurbi da lambarsa ta ainihi. Yanka a wuri guda gadon zamanin John Holland ne, 1975, kuma yana ɗauka cewa guraben da ke kusa a jeri suna da alaƙa, alhali kai ka jera su yadda ka ga dama.

Kada kuma ka ruga wurin ɗaukar tsakatsakin iyaye. Uwa 2, uba 6, ɗa 4, kullum a tsakiya. Kowane zagaye garken ƙara matsewa yake, har kowa ya zama kamar an tsaga kara, bincike ya mutu.

BLX-alfa na Eshelman da Schaffer, 1993, shi ya magance wannan. Ka auna tazarar iyaye, ka ƙara rabinta a kowane gefe idan alfa 0.5 ce, ka zaɓi ɗa a ciki bisa ƙuri'a. Da 2 da 6, ɗan zai faɗo ko'ina daga 0 zuwa 8. SBX na Deb da Agrawal, 1995, ya fi shi iya saiti: yana haifar da 'ya'ya biyu da tsakiyarsu ta yi daidai da ta iyaye, wata lamba da ake kira eta kuma ita ce linzami. In ka sa 2, 'ya'ya su yi nisa. In ka sa 20, su manne wa iyaye. Fara da 15 ko 20, yiwuwar haɗi 0.9, sauyin bazata gurbi ɗaya cikin 30. Wanda ya fita iyaka kada ka datse shi a bakin layi, domin garken zai taru a can. Ka mayar da shi ciki gwargwadon yadda ya wuce.

Inda mutane suka fi ruɗuwa shi ne nan. BLX-alfa da SBX dukansu biyu gurbi-gurbi suke aiki, ba ruwan wannan da wancan. A kan lissafin gwaji na Rastrigin, inda kowane gurbi ke zaman kansa tsakanin -5.12 da 5.12, sai ka ga abin kamar sihiri. Kawo Rosenbrock, mai kwari siriri lanƙwasasshe inda sai gurabe sun motsa tare, yawancin 'ya'yan sai su faɗa kan ganga, sun fi iyayensu muni. Salomon ya nuna haka a 1996: karkata lissafin kawai, wato juya shi yadda gurabensa za su cakuɗu da juna, ya isa ya durƙusar da algoridim ɗin da ake yabo. Saboda haka ka gwada naka a miƙe, ka sake gwadawa a karkace, kowanne sau 30 da farawa daban-daban, ka kwatanta matsakaicin sakamako. Gudu ɗaya ba hujja ba ne.

In ya faɗi a karkace, koma wa masu iyaye da yawa kamar UNDX, SPX ko PCX, waɗanda ke bin fasalin garken. In kuwa sakamako kake nema ba nazari ba, gurabe 30 abincin CMA-ES ne, wata dabarar bincike da ke koyon yadda gurabe ke tafiya tare. Ka faɗa mana ko gurabenka suna ninka juna a cikin lissafin, a nan za a san wanda za a ɗauka.