Boila Mai Yawan Kunnuwa da Mutuwa a Lokacin Sanyi

Malam, ka ce tun da ka koma sabon gidanka a Ingila, na'urar daidaita zafi take kunna boila (tukunyar gas mai zafafa ruwan ɗumama gida) tana kashe ta kusan duk bayan minti biyar, alhali ɗakunan ba su gama ɗumi ba.

Fara da duba inda aka kafa na'urar, domin idan tana kusa da radiyeta (ƙarfen da ruwan zafi ke bi ta cikinsa ya ɗumama ɗaki), ko rana na bugun ta, ko iskar ƙofa na kaɗa ta, za ta riƙa auna zafin da ba shi ne na ɗakin ba. Wannan ne ya taɓa faruwa da ni, kuma sauya mata wuri kawai ya magance matsalar. Sannan ka dubi ma'aunin ƙarfin ruwa a jikin boilar, wanda ya kamata ya tsaya tsakanin bar 1 zuwa 1.5 (bar shi ne ma'aunin da ake auna ƙarfin ruwan da shi) idan ta huce. Rufe yawancin radiyetoci ma yana hana ruwa zagayawa, sai boila ta yi zafi da wuri ta mutu.

Kada ka ƙure lambar na'urar daidaita zafin da tunanin gida zai fi saurin ɗumi, kuɗin gas kawai za ka ƙara. Idan abin ya ci gaba, don Allah kada ka buɗe boilar da kanka. Kira injiniya mai rajistar Gas Safe, wato rajistar waɗanda aka amince su yi aikin gas, kamar yadda dokar ƙasar ta tanada.