Amsa kan lambun aljannar Alamut

Ɗan uwa, ka tambaya ko da gaske akwai lambun aljanna a kagarar Alamut. Toh wurin yana Iran, cikin duwatsun Alburz wajen Kazwin, bisa wani tsauni mai wuyar hawa. Hasan Sabbah, jagoran wani ɓangare na 'yan Shi'a Isma'iliyya, ya karɓe shi a 1090 ba tare da yaƙi ba, ya zauna ciki har ya rasu a 1124, ance ko saukowa bai taɓa yi ba. Shi labarin lambun, wai ana bugar da samari a kai su cikin ƙoramu da 'yan mata su farka su zaci aljanna ce, Marco Polo, matafiyin nan ɗan birnin Venice, shi ne ya yaɗa shi a Turai, alhali lokacin da ya ratsa Iran tuni an rushe wurin, jita-jita kawai ya kwasa.

Ni laburaren da ke cikin kagarar ne yake ƙona min rai wallahi. Da mayaƙan Mongol ƙarƙashin shugabansu Hulagu suka karɓi kagarar a 1256, masanin tarihi Juwaini ya tsame Alƙur'anai da wasu zaɓaɓɓun littattafai da kayan duba taurari, sauran littattafan aka banka musu wuta. Yanzu in ka hau, ragowar bango zaka tarar da ramukan tara ruwa da aka sassaƙa cikin dutse.